Yadda Hancin Gari Ya Toshe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, ko da tana da ɗaci.

Wani gari ne a gindin dutse, garin masu cin ciyawa. Babu mai fiƙa a cikinsa, babu mai farce. Shingen ƙaya ya kewaye shi, ƙofa ɗaya gare shi, sarkinsa kuwa Bauna ne, wanda gidansa ke bisa tudu, ta inda iska take shigowa gari.

Garin nan yana da wata al'ada. Ba a buɗe ƙofa a fita kiwo sai Gada ta yi magana. Kullum da safe takan hau kan surin da ke bakin ƙofa, ta ɗaga hanci gabas, ta ɗaga yamma, ta juya kudu, ta juya arewa. In ƙanshin raɓa da ɗanyar ciyawa kaɗai ta ji, sai ta ce, "Iska lafiya, ku buɗe." In kuwa ta ji ƙarni, sai ta ce, "Akwai haƙori a dawa, kowa ya zauna gida." Aikin nan gadon gidansu ne. Uwarta ta yi, kakarta ta yi, ba a taɓa rasa ko ɗan zomo ba a zamaninsu. Sauran dabbobi kuwa, da yake akwai mai yi musu, sai suka bar hancinsu ya zama na neman abinci kawai.

Ana nan, wata damina ta zo da sauro irin wanda ba a taɓa gani ba. Sai ga Kura a bakin ƙofa, ta lulluɓe kai da mayafi, tana dogara sanda, da buhu a goye. Aka kai ta fada. Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, na tuba da nama. Haƙorana duk sun zube. Yanzu sana'ata korar sauro da hayaƙi, na zo in yi wa talakawanka hidima in samu lada."

Gada ta miƙe tsaye ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙarni nake ji a numfashin baƙuwar nan, kuma ba na bara ba ne. Na yau ne."

Sarki ya ce, "Ke dai da tsoro aka haife ki. Zauna."

Sai ya ja Kura zuwa zaure. Da suka fito, buhun bai fito ba, Kura kuwa ta fito da sarauta: Magajiyar Hayaƙi. Gada ta ji ƙanshin kanwa yana biyo su daga zauren, irin jar kanwar nan da Bauna yake mutuwar son lasa.

Aka gina wa Kura babban murhu a ƙasan tudun fada. Kullum tun da sassafe takan zuba jiƙaƙƙen ƙaiƙayi da ɗanyen ganye da tsumma, ta barbaɗa busasshen barkono, ta hura. Hayaƙi ya kwanta a kan gari kamar bargo. Sauro ya gudu, gaskiya ne, aka yi ta sa wa Magajiya albarka. Amma atishawa ta shigo, tari ya biyo ta, majina ta biyo tari. Kafin wata ya juya, babu mai magana a garin sai da toshasshiyar murya.

Ciwon Gada ya fi na kowa, don hancinta ya fi na kowa laushi. Fuskarta ta yi nauyi kamar an cusa mata laka a ƙarƙashin idanu. In ta sunkuya za ta ci ciyawa, sai goshinta ya sara kamar ana daka a ciki. Haƙoranta na sama suka riƙa ciwo ba tare da ko ɗaya ya lalace ba. Majina ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa, ta ƙi fita ta ƙi komawa.

Ta hau suri da safe, ta ɗaga hanci gabas da yamma, kudu da arewa. Shiru. Sai ta ce, "Ba na jin komai. Kada a buɗe."

Sarki ya aiko daga tudu ya ce, "Ta ce ba ta ji komai ba? Ashe babu komai. A buɗe."

Aka buɗe. Da yamma kowa ya dawo, ban da ɗan Barewa.

Gari ya sake wayewa, Gada ta hau suri ta ce, "Jama'a, hancina a toshe yake. Rashin jina ba shaida ba ce. Kada a buɗe."

Sarki ya ce, "Yunwa za ta kashe mini talakawa saboda murar mace ɗaya? A buɗe."

Aka buɗe. Da yamma kowa ya dawo, ban da tsohon Gwanki.

A karo na uku Gada ta sauko daga suri ta kwanta a bakin ƙofa, ta ce sai dai a taka ta. Dogarai suka ɗauke ta kamar ƙunshin kara suka ajiye gefe. Aka buɗe. Ta riƙe ƙanwarta ta ce, "Kada ki je." Ƙanwar ta ce, "Yaya, yunwa nake ji, ba zan yi nisa ba." Da yamma kowa ya dawo, ban da ita.

To, ku ji abin da ya fi mutuwar ciwo. Da aka taru a fada, ba wanda ya tambayi wanda ya ce a buɗe ƙofa. Ba wanda ya dubi murhu. Gada aka kafa wa ido. Barewa, da idanunta a kumbure, ta nuna ta da kofato ta ce, "Ke aka ɗora a kan suri. Ina ɗana?"

Gada ta ce, "Sau uku na ce kada a buɗe."

Sarki ya ce, "Ba a ɗora ki don ki ce ba ki sani ba. An ɗora ki don ki sani."

Kura ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, a tausaya mata, yarinya ce. Al'adarku ba ta hukunta marar lafiya. A bar ta ta yi magani zuwa ranar kasuwa. In hancin ya buɗe, shi ke nan. In bai buɗe ba, sai a fitar da ita bayan shinge, a huta."

Aka ce Magajiya akwai tausayi. Gada ta san abin da ke bayan shinge, ta kuma ga yadda Kura ta lashi leɓe a ƙarƙashin mayafi.

Sai ta nufi wurin Gwaggo Kunkuru, wata tsohuwa mai maganin gida da ke zaune cikin kogon dutse a bayan tudun fada. Ta yi sallama da toshasshiyar murya. Tsohuwa ta leƙo da kai ta ce, "Wace ce wannan mai magana kamar daga cikin tulu?"

"Ni ce, Gwaggo. Hancina nake so a buɗe mini, ko da wuƙa ne."

"Wuƙa? Ke 'yar nan, fushinki ya fi ciwonki girma. Matso." Ta danna mata ƙarƙashin ido da yatsa, Gada ta yi tsalle. Ta danna goshi, Gada ta yi ƙara. Tsohuwa ta ce, "Ramukan fuskarki ne suka cika suka kumbura. Idonki bai kumbura ba, jikinki bai yi zafin da zai tsorata ni ba. Da ya kai haka, da na ce ki nemi wanda ya fi ni. Wannan na tukunya ne."

Ta ɗora tukunya, ta zuba ganyen turare da na'a-na'a da ɗaɗɗoya. Da ruwa ya tafasa ta sauke, ta bari ya ɗan huce, ta ce, "Surace za ki yi. Sunkuya, amma kada ki kai fuska kusa, ba dafa ki zan yi ba." Ta lulluɓe ta da zane ita da tukunyar. Tururi ya shiga, ya ratsa, ya narkar. Gada ta fito tana gumi, ta fyace, ta fyace, sai ta ji iska ta wuce ta ƙofar hanci ɗaya. Ta yi godiya ta koma gida.

Da safe Kura ta hura murhu. Kafin Gada ta kai suri, hanci ya rufe.

Ta dawo ta ce, "Gwaggo, maganinki bai kai safiya ba."

Tsohuwa ta ce, "To, uwar gaggawa." Ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce har ya zama ɗumi, ta sa gishiri ɗan kaɗan, ta ce, "Ba a yin wannan da ruwan rafi ɗanye, ki riƙe. Zuba a tafin hannu mai tsabta, ki toshe ƙofa ɗaya, ki shaƙa da ɗayar, ki bar shi ya fito." Gada ta shaƙa, ta ƙware, ta yi tari, ta sake. Abin da ya fito daga hancinta, ba zan faɗa muku ba don wasunku ba su ci tuwo ba tukuna. Ƙofofin biyu suka buɗe. Har ƙanshin toka ta ji a murhun tsohuwa. Ta koma gida tana murna.

Da safe Kura ta hura murhu. Hanci ya rufe, goshi ya koma sara.

Karo na uku Gada ta shigo ba sallama. Ta ce, "Gwaggo, kasuwa ta matso. Ko ke ma kina cikin masu son a fitar da ni?"

Tsohuwa ta ɗauko turmi. Ta daka citta da kanumfari, ta dafa, ta matse lemun tsami, ta sa zuma, ta miƙa mata. Ta ba ta ɗanyar tafarnuwa ta ce ta tauna. Ta tsoma ƙyalle a ruwan ɗumi ta ɗora mata a fuska. Sai da Gada ta yi laushi sannan ta ce, "Yanzu saurara. Na girmi uwarki, kuma tukunyata ba ta taɓa jin kunya ba. Kullum kina fita daga nan da hanci a buɗe, kina dawo mini da shi a rufe. Ni ina warwarewa da yamma, wani yana ɗaurewa da safe. Ba ƙarin magani kike buƙata ba. Ki zauna a nan har ranar kasuwa, ki sha ruwa da yawa, ki kwanta da kanki a sama, mu gani."

Gada ta zauna. Safe da yamma surace, safe da yamma ruwan gishiri, ga citta, ga tafarnuwa. Sai ta lura da abu guda: hayaƙi ba ya zuwa bayan tudu. Iska takan zo tsaf daga dawa, ta wuce kogon tsohuwa, ta wuce gidan sarki, sannan ta gangara ta ɗauki hayaƙin murhu ta shimfiɗa wa talakawa.

Da safiyar kasuwa ta farka da kai sakayau. Ta hau saman dutse ta ɗaga hanci. Duniya ta dawo mata gaba ɗaya. Ta ji raɓa. Ta ji ciyawa. Ta ji warin kuraye da yawa kwance a kwazazzabon da ke bayan shinge. Ta juya wajen murhu, sai ta ji abin da ke ƙarƙashin ƙaiƙayi da barkono: ƙaurin gashi, ƙaurin ƙashi, ƙaurin kofato. A cikinsu akwai wanda ta sani tun suna shan nono ɗaya.

Ta sauko daga dutsen ta koma kogo. Ta ce, "Gwaggo, a murhun take ƙone ragowar."

Tsohuwa ta ce, "Za su yarda da ke?"

"Ba za su yarda ba. Za su ce tsoron hukunci ne ya sa ni ƙarya." Ta ɗauki sauran tafarnuwar ta cusa a baki don kada ciwon ya dawo mata a hanya, ta ce, "Ki ɗora duk tukwanen da kike da su. Ko sun yarda ko ba su yarda ba, sai na faɗa."

Fada ta cika. Kowa yana jan majina, kowa yana dafe da goshi. Sarki yana zaune a kan buzu, Kura a damansa. Gada ta ratsa taro, ta durƙusa nesa da shi kamar yadda ladabi ya tanada, ta buɗe baki ta ce, "Ranka ya daɗe."

Sarki ya yamutsa fuska, ya kare hanci da hannun riga, ya ce, "Kai! Ja da baya. Wane irin warin tafarnuwa ne wannan kika kawo mini fada?"

Gada ta tsaya cak. Ta dube shi. Ta dubi hancinsa, busasshe, mai sheƙi, babu ko ɗigon majina. Sai ta miƙe a hankali, ba tare da an ba ta izini ba, ta juya wa sarki baya ta fuskanci jama'a.

Ta ce, "Na ratso ta tsakiyarku yanzu, kafaɗata tana gogar taku. Wa ya ji warin tafarnuwa?"

Shiru.

"Barewa, na wuce ta gaban fuskarki. Kin ji?"

Barewa ta girgiza kai.

"Dogarai, ku da kuke tsaye a kaina?"

Suka dubi juna.

Sai ta juyo ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe a duk garin nan hanci ɗaya ne bai taɓa toshewa ba. Hancin da ya ji tafarnuwa daga can inda kake, shi ne bai ji ƙarnin ɗan Barewa ba a bakin wadda ke zaune a damanka? Shi ne bai ji ƙaurin ƙashi daga murhun da ke ƙasan gidanka ba? Sau uku na ce kada a buɗe. Sau uku ka ce a buɗe, alhali kana jin abin da ni ba na ji. Nawa aka ba ka? Ba sai ka faɗa ba. Ina jin kanwar a numfashinka."

Sarki ya daka tsawa ya ce, "Ku kama ta! Zazzaɓi ya taɓa mata kai!"

Dogarai ba su motsa ba. Ɗaya daga cikinsu ɗan tsohon Gwanki ne.

Kura ta yi dariyar yaƙe ta ce, "Haba jama'a, ni da na raba ku da sauro?"

Barewa ta miƙe. Ba ta dubi Kura ba, ba ta dubi sarki ba. Ta ce, "Gada, na zage ki a gaban gari. Ba zan yarda da ke yanzu don kawai kin iya magana ba. Ki buɗe mini nawa hancin, in ji da kaina."

Gada ta ce, "Abin da na zo nema ke nan."

Mata suka ruga bayan tudu suka ɗauko tukwanen Gwaggo Kunkuru. Tukunyar farko ba a yi surace da ita ba, Gada ta juye ta a kan murhu, wutar ta mutu da huci. Sauran aka jera su a dandali, kowa ya kawo zanensa, aka shiga layi, ana lulluɓa, ana gumi, ana fyacewa. Iska ta share hayaƙin da ya rage. Kafin rana ta karkata, hanci ya fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Barewa ce ta fara ji. Ta tafi kai tsaye zuwa murhu, ta tona tokar da kofatonta, ta ciro ɗan ƙaramin ƙaho. Kukan da ta yi, har kurayen kwazazzabo sai da suka ji.

Kura ta yar da sanda da mayafi, haƙora suka bayyana reras, ta faɗa ta kan shingen ƙaya ta tsere dawa. Ƙaya ta yage mata ƙugu, shi ya sa har gobe bayanta yake a sunkuye. Bauna kuwa aka tuɓe masa rawani, aka fito da buhun kanwarsa aka zazzage a cikin tokar murhu, aka buɗe masa ƙofar da ya saba cewa a buɗe. Ya fita shi kaɗai. Har yau in kuka gamu da bauna a dawa za ku gan shi cikin fushi, kamar shi aka zalunta.

Kuna tsammanin ta ƙare? Da ta ƙare a nan, da ban ɓata bakina ba.

Warin murhun ya cika gari, yanzu kuwa kowa yana ji. Sai wasu dattawa suka taru suka zo wurin Gada. Babbansu ya ce, "'Yar nan, kin yi ƙoƙari. Amma warin nan ya fi ƙarfinmu, ga sauro ya fara dawowa. Mun yi shawara a sake hura ɗan hayaƙi kaɗan, ba da yawa ba. Ke kuwa sai ki koma bayan tudu da zama, hancinki ya zauna lafiya, ki riƙa jiyo mana."

Gada ta juyo ta fuskance su. Da ta yi magana, muryarta ba ta ɗaga ba, amma har na bayan taro sun ji.

Ta ce, "Baba, warin da ya dame ku na 'ya'yanku ne. Ku tone su ku binne su, zai tafi. Sauro kuwa cizo yake yi, ba ya ɗauke ɗa ya bar ƙaho. Kuna so ku koma ba ku ji ba, ba ku sani ba, a samu mace ɗaya a ɗora a kan suri, in abu ya yi kyau a ce sarki ya iya mulki, in ya ɓaci a fitar da ita bayan shinge. Na gama. Uwata ta hau surin nan, kakata ta hau, ni ce ta ƙarshe."

Ta je ta sa ƙaho ta rushe surin har ƙasa. Ta ce, "Ga ganye a dawa, ga gishiri, ga tukunya, Gwaggo ta nuna muku yadda ake yi. Daga yau kowa da hancinsa."

Da safe suka taru a bakin ƙofa, babu mai ce musu komai. Suka tsaya, suka tsaya. Sai Barewa ta fito gaba, ta ɗaga kai sama, ta shaƙa gabas, ta shaƙa yamma. Na kusa da ita ya yi yadda ta yi, na bayansa ma haka. Wannan ne dalilin da ya sa duk mai cin ciyawa a dawa, in ya ɗan ci kaɗan sai ya ɗaga kai ya shinshina iska, ba ya jiran kowa.

To, ku da kuke saurare. In fuskarku ta yi nauyi, hanci ya toshe, ku yi surace, ku wanke da ruwan gishiri, ku sha citta da zuma, in ya ƙi ku nemi wanda ya fi ku sani. Amma in kun warke da yamma kun tashi da ciwo da safe, ku ajiye tukunyar ku fita ku duba wanda yake hura wuta. Sannan ku duba wanda gidansa yake inda hayaƙin ba ya zuwa.

Ƙurunƙus. Na sauke tukunyata, wanda tururin ya shiga idonsa ya share da kansa.